Kowane kango a Kilomita Biyar da mai shi

'Yan'uwa na Beloko, Bouar, Carnot, Berberati da Gamboula.

Duk wanda ya bar Bangui cikin manyan motocin da suka kwashi jama'a zuwa iyakar Kamaru da Chadi a farkon 2014 bai manta gidan da ya kulle ba. Wasunku har yau makullin yana ƙasan akwati. Ɗan'uwa, in ka daɗe ba ka sauka birni ba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: a gidaje da yawa ƙofar da makullin nan zai buɗe ba ta nan.

Ka fita daga kasuwar Kilomita Biyar ka nufi Kokoro ko Boeing, ko ka bi ta Miskine, ka duba da idonka. Kwano aka fara cirewa, sannan ƙofofi da tagogi da katakon rufi. Abin da ɓarayi suka bari, damina ta ƙarasa, domin bangon ƙasa ba ya jure ruwan Bangui in ba rufi. Wani bangon ya zube, wani kuma ya karkata yana jiran ranarsa, yara suna wasa a gindinsa. Ciyawa ta rufe bakin rijiyoyi da ramukan masai. Da rana macizai, da dare masu shaye-shaye da masu ƙwace. Matan unguwa sun san kangon da ba a wucewa ta gabansa bayan magariba, kuma sun gaji da kai kuka.

Gidan da ya tsira da rufinsa, sau da yawa wani ne a ciki. Na kawuna haka ya zama. Mun je da takardar saye, wanda ke ciki shi ma ya fito da tasa, da hatimi a kai. Wata huɗu ina zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, kowa na cewa in dawo mako mai zuwa. Kawu ya rasu a gidan haya.

Kada kowa ya ce maka wannan kukan Musulmi ne kaɗai. Maƙwabtanmu Kirista su ma an rushe musu gidaje a kewayen unguwar, suka yi shekara uku a sansanin filin jirgin M'Poko. Da gwamnati ta tashi rufe sansanin a ƙarshen 2016, sai ta miƙa wa iyalai jaka hamsin zuwa ɗari ta ce su koma gida. Wane gida? Kwano nawa jaka hamsin za ta saya?

A ranar 6 ga Fabrairu 2019 gwamnatin nan ta sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiyar da aka tattauna a Khartoum. A ciki ta ɗauki alkawarin mayar da waɗanda suka gudu cikin mutunci, da kare filayensu da dukiyarsu. A Disambar shekarar ma shaguna suka ƙone a kasuwar Kilomita Biyar lokacin faɗan 'yan kasuwa da masu bindigar da ke tatsarsu haraji. Ka tambayi mai shagon da ka sani, wa ya ba shi kuɗin sake gini.

Shugaba Touadéra ya hau mulki tun Maris 2016. Zuwa ƙarshen 2025, kusan shekara goma ke nan. An sami lokacin mai da Bitcoin kuɗin ƙasa a 2022, a ƙasar da mafi yawan gidaje ba su da lantarki. An sami kuɗin ƙuri'ar raba gardama a Yulin 2023, aka cire iyakar wa'adi, aka mai da shi shekara bakwai. Lokacin ƙirga kangaye da rufe rijiyoyi ne kawai ba a samu ba.

In kana ganin sakaci da gini ƙaramin abu ne, tuna 25 ga Yunin 2025. Taransifoma ta fashe a makarantar Barthélemy Boganda ana tsakar jarrabawar bakaloriya, ɗalibai suka ruga neman hanyar fita, mutane da dama suka mutu a turmutsutsu. Wannan a tsakiyar birni ke nan, a makarantar da ke ɗauke da sunan uban ƙasa. To ina ga bangon da ya tsage a lungun Kokoro?

Me ya sa ba mai motsi? Domin tun 1988 har zuwa ƙarshen 2025 ba a zaɓi magajin gari a ƙasar nan ba. Naɗa su aka riƙa yi daga sama, kuma wanda aka naɗa, wanda ya naɗa shi yake tsoro. Kai ba ka da abin da za ka ƙwace masa.

Abin da muke nema ba shi da wuya. A bi unguwa-unguwa a rubuta kowane kango da sunan mai shi, tare da masu unguwa da limamai da fastocin da suka san wa ke zaune a ina kafin 2013. A buɗe rajistar a garuruwan iyaka, don kada tsohuwar da ke Gamboula ta biya kuɗin mota har Bangui kafin a saurare ta. A dakatar da sayar da duk filin da mai shi ya gudu sai an ji ta bakinsa. Rijiyoyi da bangayen da ke shirin faɗuwa kuwa, a gama da su kafin ruwa ya sauka.

Ranar Lahadi 28 ga Disamba 2025 aka zaɓi shugaban ƙasa da 'yan majalisa da na ƙananan hukumomi a rana ɗaya. 'Yan'uwanmu da ke Garoua-Boulaï, a can ƙetaren iyaka, kai da ke wannan ɓangaren kai ne bakinsu. Duk ɗan takarar da ya zo da riga da hula da kuɗin shayi, ka tambaye shi gaban jama'a: gidana da ke Bangui, a wane ofis zan rubuta shi, kuma yaushe? Ka nemo katin zaɓenka tun yanzu. Takardar gidan nan ma, ko ta yage, ka adana ta cikin leda.