Romon Pozole na Meziko: Me Ake Nufi da Asalin Abinci?

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa abincin gargajiya ya ɓaci da zarar an sa masa wani baƙon abu. Tarihin pozole, wani romon masara mai kauri da ake ji da shi a ƙasar Meziko, ya nuna cewa wannan magana tana buƙatar gyara.

Sunan ya samo asali ne daga harshen Nahuwatil na al'ummar Aztek, waɗanda suke dafa shi tun kafin Sifaniyawa su ci daularsu da yaƙi a shekarar 1521. Tushensa masara ce mai manyan ƙwayoyi, wadda ake tafasawa da tokar itace ko farar ƙasa har ɓawonta ya saɓule, a wanke ta, sannan a sake dafa ta sai ta kumbura ta buɗe kamar fure. Da Sifaniyawa suka zo, sai suka kawo alade da kaza da albasa da kabeji da lemun tsami, duk kuma suka shiga tukunyar. Daga nan kowane yanki ya fitar da nasa salon. Akwai fari, akwai ja mai busasshen barkono da aka san jihar Jalisco da shi, akwai kuma kore na jihar Guerrero, inda aka saba shan pozole ranar Alhamis. A yau shi ne abincin gidaje da dama a daren 15 ga Satumba, jajiberin bikin 'yancin ƙasar.

To, wanne ne na asali a cikinsu? A nawa ra'ayin, dukkansu ne. Nama ya canza, kayan haɗi sun ƙaru, launi ya bambanta, amma dafa masara da toka yana nan daram, kuma a nan asalin yake. Wannan dabara ita ke kwance sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara, har jiki ya iya amfana da shi. Turawa sun kwashi masara zuwa nahiyarsu, suka baro dabarar. Sakamakon haka, talakawan Sifen da arewacin Italiya da suka dogara da ita suka faɗa wa cutar felagara, mai lalata fata, ta kawo gudawa, ta taɓa hankali. Likita Gaspar Casal ya bayyana ta a Sifen a shekarar 1735, alhali ba ta zama annoba ba a inda masarar ta fito.

Wani zai ce idan aka buɗe ƙofa ga kowane sauyi, wata rana sunan kawai zai rage. Wannan tsoro yana da hujja, sai dai maganinsa shi ne a san abin da za a riƙe. Mu kanmu masarar tuwonmu da barkonon miyarmu daga can nahiyar Amurka suka fito, kuma babu mai kiran tuwon masara baƙo.

Saboda haka, malamin da zai koyar da al'adun abinci kada ya tsaya ga lissafa wa ɗalibai kayan haɗi. Ya sa su tambayi iyayensu mata dalilin jiƙa hatsi, da dalilin sa kanwa a wake, da yadda ake sarrafa kalwa ta zama daddawa. Kayan miya suna nan a kasuwa ko yaushe, amma ilimin sarrafa su yana iya bin tsofaffi kabari idan ba a gaje shi ba.