Mataccen Firij Ya Samu Ɗaki, Ɗan'uwa Yana Kwana a Baranda



Maganar wannan makon ba ta yi kama da ta ibada ba. Maganar gareji ce, ko sito, ko ɗakin nan na bayan gida da kowa ya san mabuɗinsa yana wurin Baba amma ba wanda ya tuna ranar da aka buɗe shi. Mun yi gardama a kanta bayan taron zumunta har duhu ya yi, shi ya sa muka ga ya kamata mu rubuta inda muka tsaya.

Ga abin da ya tayar da ita. Wata Mama gwauruwa a ikkilisiyarmu nan Kaura Namoda ta karɓi ƙanwarta da yara huɗu, waɗanda suka baro ƙauyensu ta wajen Zurmi saboda 'yan bindiga. Gidan ɗaki biyu ne da falo. Manyan yaran maza biyu sai baranda, kuma lokacin hunturu ne. Alhali ga gareji a gidan, mai rufi da ƙofar ƙarfe, wanda marigayi ya gina wa motarsa. Motar an sayar da ita tun shekarar da ya rasu. Abin da ya gaje wurinta shi ne mataccen firij, janareta biyu da ba sa tashi, tsofaffin tayoyi, jarkoki, katifu uku na ɗaliban Poly da suka gama suka tafi, akwatin wani ɗan sanda da aka yi wa canjin wurin aiki, da kwalayen takardu har kusan rufi.

Sau uku Mama tana ɗaura ɗamarar gyara wurin. Duk ranar da ta buɗe kwalin farko sai ta ci karo da rubutun hannun maigidanta, ta zauna a kan taya ta yi kuka, ta ja ƙofa ta kulle. A ƙarshe ta kira wani saurayi da ƙanwarsa da suka saba irin wannan aiki, suka yi ciniki, ta biya su kuɗin kwana biyu. Nan surutu ya tashi. Wasu suka ce almubazzaranci ne, wasu suka ce abin kunya ne mace mai 'ya'ya da zumuntar matasa a bayanta ta fitar da kuɗi don a share mata ɗaki.

Mu dai muna ganin Mama ta yi daidai, kuma muna so wasu gidajenmu su yi koyi da ita.

Masu cewa lalaci ne ba su lura da irin kayan da ke cika sitonmu ba. A Amurka da Ingila gyaran gidajen mutane sana'a ce da ake ci da ita, har wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta yi suna a duniya da shirinta na Netflix a 2019. Amma su yawancin matsalarsu yawan saye-saye ne. Mu tamu daban ce. Na farko tsoron rashi. Wanda ya ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako har da ta Shinkafi, aka hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya, ba za ka ga laifinsa ba idan ya kasa rabuwa da tsohon batir ko buhun da ya yage. Na biyu amana. Garin nan tun da layin dogo ya iso shi a 1929 gari ne na masu zuwa su wuce, daga baya aka kafa Poly a 1983, ga masu yi wa ƙasa hidima, ga ma'aikatan tsaro. Kowa idan zai tafi sai ya ce, "Mama, ki ajiye mini, zan aiko a ɗauka." Shekara bakwai ba aike. Na uku kuwa makoki, kamar yadda muka gani. Mutum ba zai iya zama alƙali a kan rigar mijinsa ba. Yana bukatar wani wanda zuciyarsa ba ta ɗaure da kayan, ya tsaya kusa da shi yana tambaya a hankali: wannan na wane ne, yana aiki, yaushe aka yi amfani da shi?

A nan ne bambancin yake tsakanin wanda ya iya aikin da lebura mai ɗaukar kaya kawai. Mun je mun gani da idonmu. Kafin su taɓa komai sai da suka fito da littafi da biro. Suka fitar da kayan tsakar gida, suka ware na gida, na amana, na sayarwa, da na zubarwa, kuma ba abin da ya shiga kashi na ƙarshe sai Mama ta ce to. Suka kira bakanike ya duba janaretocin, ya ce ɗaya zai tashi idan an canja masa ƙananan abubuwa, ɗayan sai 'yan gwangwan. Da ɗan gwangwan ya zo, saurayin ya tsaya a kan sikeli yana karanta kilo da kansa, abin da Mama ba za ta yi ba don kunya. Suka sami kwalbar maganin feshi na gona a jingine da buhun gero, da jarka mai ragowar fetur kusa da katifu. Kashin ɓera kuwa ba a magana, ga shi kowa ya san ta fitsari da kashin ɓera ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, don haka suka ɗaure hanci, suka yayyafa ruwa kafin shara. A kwali na ƙasa, wanda gara ta fara ci, aka sami takardar filin gidan. Da an ƙara damina ɗaya, da sai labari.

Ranar da muka yi wannan gardama wani ɗan'uwa ya buɗe mana Nehemiya sura 13, muka yi mamaki, domin ashe gyaran sito yana cikin Littafi Mai Tsarki. Eliyashib firist ya ɗauki babban ɗakin da ake ajiye hadaya da turare da zakar Lawiyawa a Haikali, ya ba Tobiya ya zuba kayansa. Firistoci suna wucewa ta ƙofar kullum, ido ya saba. Sai da Nehemiya ya dawo daga wurin sarki, da ido na wanda ya daɗe ba ya nan, ya ga abin, ya fitar da kayan Tobiya waje, ya sa aka tsarkake ɗakunan aka mayar da abin da aka gina su dominsa. Ba muna cewa garejin Mama Haikali ne ba, kada wani ya kai mu gaban Baba Fasto. Amma tambayar ɗaya ce: wannan ɗakin, don me Allah ya ba mu shi? Matar Shunem a 2 Sarakuna sura 4 ɗan ƙaramin ɗaki ta yi wa Elisha, da gado, da tebur, da kujera, da fitila. A Zamfara ta yau, inda mutane ke barin gonakinsu ta wajen Zurmi da Shinkafi su nufo gari da abin da suka iya ɗauka a ka, ɗaki mai rufi da ƙofa ba ƙaramin abu ba ne da za a bar wa tayoyi.

To, me ya sa ba za mu yi aikin gayya ba, mu matasa, kyauta? Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma rabinta gaskiya ne. Tsoho mara ƙarfi, ko gwauruwar da ba ta da abin biya, hakkinmu ne mu je ba tare da an roƙe mu ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mun san yadda gayyarmu take. Mutum ashirin su zo da waƙa da raha, a fitar da komai waje cikin awa ɗaya, rana ta yi zafi, rabi su sulale, sauran su mayar da kayan ciki yadda suka ga dama. Gayya ta dace da noma da ɗaukar bulo. Ba ta dace da takardun fansho da hotunan mamaci ba, kuma ba kowace uwa ce ke son matasa ashirin su ga asirin gidanta ba.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa. A zumuntarmu akwai masu difloma da ke zaune ba aiki. Idan mai albashi ya kira ɗayansu ya yini cikin ƙura, da yamma ya sallame shi da "Allah ya yi albarka" da ledar ruwa, wannan ba zumunci ba ne. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya ma'aikaci matalauci a ranar, kafin rana ta faɗi, Yakubu 5:4 kuma ya yi kashedi mai zafi a kan riƙe hakkin ma'aikata. Albarkar baki tana da kyau, a haɗa ta da lada. A yi ciniki tun kafin a fara, a faɗi ko kuɗin ƙarfen da aka sayar na mai gida ne ko yana cikin ladan, don nan ne rigima ke fitowa. Mu kuma matasa mu daina raina aikin. Wanda ya riƙe shi da gaskiya, ya iya rubutu, ya iya kame bakinsa, gida ɗaya zai kai shi gida biyar.

Kame baki ya kawo mu ga tsoron da wata 'yar'uwa ta ambata, wanda ba mu da amsar da za ta share shi gaba ɗaya. A yankinmu kowa yana tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Shigo da baƙo ya ga buhu nawa ne a gidanka, ya ga inda ƙofar baya take, ba abin wasa ba ne. Don haka ba mu ce a tare kowa a tasha a ba shi mabuɗi ba. A ɗauki wanda aka san gidansu, wanda dattijo ko shugabar zumuntar mata za ta tsaya masa, Kirista ne ko maƙwabci Musulmi da aka zauna da shi shekaru. Mai gida ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe. Kada a ɗauki hoto a sa a Facebook ko WhatsApp don tallar aiki, komai kyan da wurin ya yi. Wanda ba zai iya wannan ba, ya nemi wata sana'a.

Kayan amana su suka fi cin lokaci. Ƙanwar saurayin ta zauna da wayar Mama tana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikin masu katifun suka ɗauka, suka yi dariya, ɗaya ma ya ce ya yi aure har da 'ya'ya, Mama ta yi yadda ta ga dama da ita. A kan waɗannan katifu biyu yaran suke kwana yanzu, a cikin garejin, bayan kafinta ya buɗe taga ya kafa kanta a bango. Katifa ta uku an naɗe ta an rubuta sunan mai ita. Akwatin ɗan sandan kuwa lambarsa ba ta shiga. Mama ta ce ba za a buɗe shi ba, ba za a sayar ba. Yana nan a lungu a kan bulo biyu saboda gara, kuma ta roƙa idan akwai wanda ya san inda aka mayar da shi, ya same ta bayan sujada ranar Lahadi.