Murhun Kananzir Mai Yawan Mutuwa: Danna Jan Maɓalli Ba Gyara Ba Ne

A ƙauyukan Birtaniya da Ayilan inda bututun gas bai kai ba, gidaje da dama sun dogara da manyan murhunan ƙarfe irin su Rayburn da Stanley, masu shan kananzir daga tankin da ke bayan gida. Murhu ɗaya ke dafa abinci, ya zafafa ruwan wanka, ya kuma ɗumama ɗakuna. Idan wutarsa ta fara mutuwa a tsakiyar hunturu, abin da yawancin masu gida ke yi shi ne abin da mai Android ke yi idan wayarsa ta maƙale: a kashe, a kunna. Akwai jan maɓalli a jikin injin wutar, sai su yi ta dannawa.

A waya wannan ɗabi'a ba ta da wata illa. A murhun nan tana da haɗari.

Ga yadda injin ke aiki. Famfo yana turo kananzir da ƙarfi ta cikin nozul, ya fito kamar feshin turare, tartsatsin lantarki ya kama shi, fanka kuma tana hura iska. A gefe akwai wata 'yar na'ura, idon lantarki, wadda aikinta kawai ganin hasken wuta. In ba ta ga wuta ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, akwatin sarrafawa zai datse mai, ya kulle injin, jar fitila ta kama. Ke nan mutuwar da ake jin haushinta kariya ce aka gina da gangan. Duk dannawar da ba ta haifar da wuta ba tana iya ƙara fesa ɗanyen kananzir a ɗakin ƙonawa. Ya taru, ranar da tartsatsi ya kama sai a ji bum, hayaƙi ya turnuƙe kicin. Sau ɗaya ko biyu ya isa.

Masu rubuta manhaja suna da ƙa'idar da ta dace da nan: kafin a taɓa komai, a gano daidai inda abin ke tsayawa. Idan injin ya tashi amma wuta ba ta kama ba sam, zargi na kan mai ko tartsatsi. Wataƙila tanki ya yi ƙasa, ko filta ta toshe da datti, ko iska ta shiga bututu bayan mai ya taɓa ƙarewa, ko kuma bawul ɗin kariyar gobara ya rufe. Idan wuta ta kama sannan ta mutu bayan daƙiƙoƙi kaɗan, sau da yawa idon lantarkin ne baƙin hayaƙi ya rufe, yana kallon wuta bai ganinta. Gogewa da tsumma mai laushi kan tayar da shi, sai dai baƙin da ya taru alama ce cewa mai da iska ba su daidaita ba, kuma zai dawo. Wanda ke aiki na tsawon lokaci kafin ya mutu ya fi wahalar kamawa: ruwa a gindin tanki, famfo da ya gaji, ko iska mai kaɗowa ta bututun hayaƙi.

Duba tanki, leƙa bawul da rubuta lokacin da wutar ke mutuwa, duk mai gida zai iya. Wannan rubutun ma shi ke rage kuɗin gyara, domin makanike ba zai yi ta canza kaya bisa hasashe ba. Amma sauya nozul da saita ƙarfin famfo da yawan iska suna buƙatar na'urar auna hayaƙi, kuma bidiyon YouTube ba zai maye gurbinta ba. Saiti mara kyau na haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Wannan aikin ƙwararre ne mai rajista da OFTEC, wanda dama ya kamata ya duba murhun aƙalla sau ɗaya a shekara.