Baƙon Da Ya Zo Da Bindigarsa

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, da ku iyayenmu masu daraja, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda wani zai ce ta fi ƙarfin bakina. Na san za a ce ina ruwan ɗan shekara 16 da sha'anin manyan ƙasashen duniya, ba gara ya je ya ji da lissafinsa ba? To, ai ba mu muka je wurin manyan ƙasashen nan ba, su ne suka tako har ƙofar gidanmu. Wanda kuwa aka yi wa sallama a ƙofar gida, ko yaro ne yana da ikon ya leƙa ya ga ko wane ne.

Maganar ita ce, shin ya kamata ƙasa irin tamu ta yanka wa wata babbar ƙasa fili ta kafa sansanin soja, don ta taya mu yaƙi da masu tayar da ƙayar baya? Ni dai a ganina bai kamata ba. Dalilina kuwa ba daga nesa na ɗauko shi ba, daga gidan maƙwabta ne, watau Jamhuriyar Nijar da Mali.

Kafin sojoji su hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazum ranar 26 ga Yuli 2023, Nijar ita ce babban masaukin sojojin Turawa a wannan yanki. Faransa tana da soja wajen 1,500 a can, Amurka kuma wajen 1,000. A kusa da Agadas Amurkawa sun gina filin jirgin sama wanda ya ci fiye da dala miliyan 100, inda jirage marasa matuƙa ke tashi suna shawagi a kan Sahara dare da rana. An ce irin waɗannan jirage suna iya hango mutum a kan babur daga can ƙololuwar sama. To, da wannan ido a sama da wannan runduna a ƙasa, me ya faru? A watan Disamba 2019 'yan bindiga suka auka wa barikin Inates suka kashe sojan Nijar 71. Ba a yi wata guda cur ba, a Janairu 2020, suka sake kashe 89 a Shinagodar. Duk wannan baƙin suna nan. Ban ce sun yi da gangan ba, kuma su ma sun yi hasarar nasu, don a 2017 an kashe sojan Amurka 4 a Tongo Tongo. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya haƙa rijiya a gonarka da kuɗinsa, shanunsa zai fara shayarwa.

Ku ɗauko taswira ku duba inda Agadas take. Daga nan ana kallon Libiya da Aljeriya da Mali da Cadi, kuma nan ce mahaɗar hanyar masu ƙetare hamada zuwa Turai. Arewa da ita ga Arlit, inda kamfanin Faransa ya fara haƙar yuraniyom tun 1971. Da irin wannan ma'adini ne Faransa ke samun wajen kashi biyu cikin uku na wutar lantarkinta, alhali kuwa a Nijar da ƙyar mutum ɗaya cikin biyar ke da wuta a gidansa, kafin 2023 kuwa mafi yawan wutar ma daga Nijeriya ake jawo ta. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kada kuma mu manta da inda gobarar ta taso. A 2011 jiragen ƙungiyar NATO suka yi wa Libiya ruwan bama-bamai har aka kashe Gaddafi, rumbunan makamansa suka zama ganima, aka kwaso su aka yo kudu, shekara na zagayowa arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye. Waɗanda suka taimaka wajen kunna wutar su ne suka dawo da guga suna cewa a ba su ɗaki su zauna su kashe ta.

Saboda haka ban ga laifin mutanen Nijar ba da suka ce baƙi su naɗe tabarmarsu. Sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba 2023, Amurkawa suka bar Agadas a Agusta 2024. Kafin nan Faransa ta riga ta fita daga Mali a 2022, da Burkina Faso a 2023, daga baya kuma Cadi ta sallame ta a Janairu 2025. Amma fa a nan ne nake rabuwa da wasu abokaina na ɗakin kwana, waɗanda in an kashe fitila sai su yi ta yabon Rasha sai ka ce ƙanin mahaifinsu ne ke mulki a Mosko. A watan Afrilu 2024, tun Amurkawa ba su gama haɗa kayansu ba, sai ga sojan Rasha sun sauka a Yamai da sunan masu ba da horo. Baƙo ya fita ta ƙofar gaba, wani ya shigo ta baya, shi ma da bindigarsa.

Wanda ke son ya san abin da sabon baƙon zai iya, sai ya dubi Mali, don can ya daɗe. Tun ƙarshen 2021 sojojin haya na Wagner suka isa. Su ba don Allah suke aiki ba, biyansu ake yi. A watan Maris 2022 aka yi abin da aka yi a garin Mura, inda binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojan Mali tare da waɗansu sojojin waje sun kashe mutum aƙalla 500 cikin kwana biyar, galibinsu ba su ɗauke da makami. Gwamnatin Mali ta musa, ta ce 'yan ta'adda ta kashe. A watan Yuli 2024 kuma 'yan tawaye suka yi wa ayarin Wagner da sojan Mali kwanton ɓauna a Tinzawatan, kusa da iyakar Aljeriya, suka kashe da dama. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi tsaya mini a rai. Wani kakakin hukumar leƙen asirin sojan Yukren ya fito ya nuna cewa 'yan tawayen sun sami bayanan da suke bukata, nan take Mali da Nijar suka yanke hulɗa da Yukren. Ku duba fa! Yaƙin da ake gwabzawa a Turai tun Fabrairu 2022, ga shi an yanko mana rabonmu an kawo tsakiyar Sahara. Makiyayin da ke Tinzawatan me ya haɗa shi da rigimar Rasha da Yukren? Wanda ya saukar da baƙo mai abokan gaba, ai ya gayyato abokan gaban ke nan.

Zaman lafiyar kuwa bai samu ba. Wagner ta ce ta kammala aiki a Yuni 2025, wata rundunar gwamnatin Rasha ta gaje ta. Daga watan Satumba na 2025 masu ɗauke da makamai suka shiga ƙona tankokin mai a hanyoyin da ke shiga Bamako, man fetur ya yi ƙamfa, har gwamnati ta rufe makarantun ƙasar duka na mako biyu. 'Yan makaranta irinmu suka zauna a gida. An gudu ba a tsira ba.

Malaminmu na tarihi ya taɓa ba mu labarin Somaliya da Habasha a zamanin yaƙin cacar baka, kuma tun daga ranar nake ganin duk shugaban da zai sa hannu a takardar sansani ya kamata a fara karanta masa shi. A farkon shekarun 1970 Somaliya ƙawar Tarayyar Sobiyet ce, har Rashawa suka gina sansani a tashar jirgin ruwa ta Berbera. Habasha kuwa ta daɗe tana tare da Amurka, wadda ke da tashar sauraro a Asmara. A 1977 ƙasashen biyu suka kama yaƙi a kan yankin Ogaden. Sai Rasha ta duba ta ga Habasha ta fi tsoka, ta juya wa Somaliya baya, ta kai wa Habasha makamai, sojan Kyuba suka zo suka taya ta. Shugaba Siyad Bare ya fusata ya kori Rashawa, a 1980 ya ba Amurka izinin amfani da Berbera ɗin nan dai. Manya sun yi musayar wuri kamar masu wasan dara. Da cacar bakan ta ƙare, kowa ya kama gabansa, gwamnatin Somaliya ta rushe a 1991, aka bar jama'a da tulin bindigogin da ɓangarorin biyu suka jibge musu.

Yanzu bari in faɗi hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba, don tana da nauyi, kuma mu 'yan makarantar kwana mun fi kowa sanin nauyinta. A Disamba 2020 an kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A Fabrairu 2021 aka ɗebi 'yan mata 279 a Jangebe. A Nuwamba 2025 aka sake yi a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja. Babu uban da ke kawo ɗansa makaranta ya juya ba tare da wannan tunani a zuciyarsa ba. Uban da aka ɗauke wa 'ya ba zai tambayi launin fatar wanda ya dawo masa da ita ba. Sukan ce kuma, ga Jibuti can, ƙaramar ƙasa, ta saukar da Faransa da Amurka da Japan da Italiya, a 2017 ta ƙara da Sin, tana karɓar kuɗin haya, Amurka kaɗai tana biyan wajen dala miliyan 63 a shekara, kuma ba abin da ya same ta.

Amsata game da Jibuti gajeriya ce. Baƙinta mashigin Bahar Maliya suke gadi, inda jiragen kasuwancinsu ke wucewa, kuma juna suke sa wa ido.  Game da makarantunmu kuwa, ina tambaya, mene ne ya rasa a daren da aka shiga Ƙanƙara? Jirgi marar matuƙi ne, ko kuwa katanga, da waya mai aiki, da jami'an tsaro isassu waɗanda za su iso kafin a yi nisa da yara cikin daji? Ɗaruruwan yara a ƙafa ba allura ba ne. Waɗannan abubuwa ba sai an zo daga Washinton ko Mosko an yi mana su ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa tamu ce.

Ba ina cewa mu ƙi taimakon kowa ba ne. A sayi makami inda ya fi kyau da araha, a tura hafsoshi su koyo aiki, a karɓi labarin da tauraron ɗan'adam ya hango. Wannan ciniki ne, in an gama kowa ya koma gidansa. Sansani kuwa zama ne, mai zama kuma yakan fara da zaure ya ƙare da sanin abin da ake dafawa a cikin gida.

Ƙasarmu ta taɓa fuskantar wannan jarrabawa. Muna samun mulkin kai a 1960 aka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta ba jiragen yaƙinta damar ratsa samaniyarmu da sauka a filayenmu. Ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi zanga-zanga har majalisa a Ikko, jama'a suka yi ta suka, a Janairu 1962 gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke ta. Ɗalibai ne fa, waɗanda ba su girme mu da shekaru masu yawa ba. A watan Mayu 2024 ma waɗansu dattawa da malaman jami'a na Arewa sun rubuta wa Shugaba Tinubu takarda suna jan kunne kada a karɓi sansanonin da aka kora daga Nijar, gwamnati ta ce babu wannan magana. Sai ga shi a daren 25 ga Disamba 2025 Amurka ta harbo makamai cikin Jihar Sakkwato, gwamnatinmu ta ce da yardarta aka yi. Mafi yawanmu daga bakin shugaban Amurka muka fara jin labarin abin da ya faru a ƙasarmu. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke nesanta da na kusa muna neman na nesa. Iyakarmu da Nijar ta kai kilomita 1,500, Katsina da Maraɗi kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne, ɓarawon da ya yi sata a Jibiya yakan kwana a Madarunfa. Amma bayan juyin mulkin 2023 sai muka rufe iyaka muka yanke musu wuta, har ana maganar kai musu yaƙi. A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, a watan Maris kuma Nijar ta ce ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Cadi, wadda ke yaƙi da Boko Haram. Wa ya ci ribar wannan? Sojan Nijar da ya san kowace rijiya tsakanin Diffa da Bosso ya fi mana amfani a kan baƙon da sai da taswira zai gane Damasak.

Ina roƙon iyayenmu, tun da ku ke da ƙuri'a mu ba mu da ita tukuna, in ɗan majalisarku ya zo gida ku tambaye shi abu uku. Wace yarjejeniyar tsaro aka ƙulla da wace ƙasa? Sojan waje nawa ne za su taka ƙasarmu a ƙarƙashinta, kuma in ɗayansu ya kashe ɗan ƙasa bisa kuskure, a kotun wa za a yi shari'a? Sannan wace rana ce aka rubuta za su tafi? In ya ce asiri ne, ku ce masa ya koma ya nemo, a karanta a zauren majalisa, a kuma fassara a rediyo da harsunan da jama'a ke ji.