Mai Ciniki Ta Waya Ya Keɓe Wa Sana'arsa Lokaci

Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, ciniki ya fara shiga ɗaki. A yau a unguwar Kusugu cikin birnin Daura, matan aure da ɗalibai da ƙananan ma'aikata suna sayar da atamfa da turaren wuta da huluna ta WhatsApp, ba tare da kama rumfa a kasuwa ba. Ƙarancin takardun Naira a farkon shekarar 2023 ya ƙara sabar wa jama'a da biya ta waya.

Sai dai wayar da ke kawo mai saye ita ce ke kawo hira. Mai sana'a zai ɗauke ta don ya faɗi farashi, sai ya ɓuge da kallon bidiyo da musun siyasa, ga baƙi, ga aiken gida. Kafin ya farga, mai saye ya tura kuɗinsa Kano. Jarin kuwa sau da yawa na adashi ne ko rance.

Tarihin Daura ya nuna cewa kafin zuwan Bayajida, ranar Juma'a kaɗai maciji ke barin mutane su ɗebi ruwa a rijiyar Kusugu. Duk wanda ya tsaya surutu ran nan, sai ya kwana bakwai da ƙishirwa.

Saboda haka wajibi ne mai wannan sana'a ya keɓe sa'o'in ciniki, misali daga hantsi zuwa azahar, ya sanar da iyalinsa, ya raba layin ciniki da na zumunci, ya kuma rubuta shiga da fita a littafi kowane dare. Taura biyu ba ta taunuwa.