Sharhi: A Gwada Injin Matsa Gas a Kwamfuta Kafin a Biya Kuɗinsa

Tun cikin shekarar 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana kamfanonin haƙar mai ƙona iskar gas da ke fitowa tare da ɗanyen mai, aka kuma tsayar da watan Janairu na 1984 a matsayin wa'adi. Wa'adin ya zo ya wuce, amma wutar ba ta mutu ba a yankin Neja Delta. A 2016 aka fito da shirin sayar wa 'yan kasuwa wannan gas, sannan a 2018 aka sa tarar dala 2 kan kowace ƙafar kubik 1,000 da aka ƙona, ga kamfanin da ke haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana. Watau ƙofa ta buɗe ga masu jari. To, sai dai duk wanda ya shiga, abin da zai fara cin kuɗinsa shi ne injin matsa gas.

Dalili kuwa shi ne, gas ɗin da ake ƙonawa ba shi da ƙarfin tafiya cikin bututu sai an matsa shi. Injin da aka fi dogara da shi a wannan matakin farko shi ne mai murɗaɗɗun sanduna biyu, mace da namiji, waɗanda ke juyawa cikin juna suna ƙuntata wa gas wuri har ya matsu. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin, Alf Lysholm, shi ne ya kyautata shi a shekarun 1930. Daga baya aka gano amfanin fesa man inji a cikinsa, domin man ya sanyaya gas, ya toshe 'yan kafofin da ke tsakanin sandunan, ya kuma hana su goga juna.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan man ya yi kaɗan, injin ya ɗauki zafi, gas ya riƙa zurarewa baya. Idan ya yi yawa, sandunan su ɓata ƙarfinsu wajen dama mai, kuɗin makamashi ya hau. Mafi muni, gas na bakin rijiya ba tatacce ba ne: yana ɗauke da laima da nau'o'i masu nauyi da ke narkewa cikin man, su tsinka shi. Man da ya tsinke ba ya riƙe boris, kuma ranar da boris ya ci, aiki ya tsaya, gas ya koma wuta, ruwan bashin banki kuwa bai tsaya ba.

Babu idon da ke iya ganin abin da ke gudana cikin ƙarfen da ke juyawa sau dubbai a minti guda. Saboda haka masana suka koma ga kwamfuta. Ana raba cikin injin gida-gida ƙanana, a lissafa gudu da zafi da matsin gas da na mai a kowane gida yayin da sandunan ke juyawa. Jami'ar City da ke Landan ta yi fice a wannan fanni, inda Nikola Stosic da Ian Smith da Ahmed Kovacevic suka yi aiki, har aka samar da manhajar SCORG. Da irin wannan lissafi ake sanin inda ya dace a huda ƙofar mai, da yawan man da za a fesa, da zafin da ya kamata gas ya fita da shi don kada ya koma ruwa cikin injin.

Ra'ayinmu shi ne, bai kamata ɗan kasuwa ya sa hannu kan takardar saye ba sai mai sayarwa ya kawo sakamakon lissafin da aka yi da ainihin gas ɗin rijiyar da za a kai injin. Alƙaluman da ke cikin littafin talla na gas mai tsabta ne, a yanayin da ba namu ba. Bugu da ƙari, gas na rijiya yana sauyawa da tsufanta, don haka a nemi lissafin ya haɗa da ranar da matsi ya ragu.

Ko shakka babu, kwamfuta abin da aka ba ta shi take dafawa. In samfurin gas da aka auna ba daidai ba ne, hoton zai fito da kyau, amsar kuwa ƙarya ce. Haka nan yadda mai ke tarwatsewa ya zama ɗigo-ɗigo cikin gas yana daga cikin abubuwa mafi wuyar lissafi, shi ya sa dole a riƙe wani kaso na kuɗin sai an gwada injin a fili.

Saura batun wanda zai karanta wa mai saye wannan sakamako. Dokar 2010 ta bunƙasa hannun 'yan ƙasa a harkar mai ta kafa hukuma a Yenagoa, ga Asusun PTDF, ga Cibiyar Horon Man Fetur ta Effurun. Ya dace su ware gurabe don horar da injiniyoyi kan wannan lissafi, bankuna kuma su sa rahotonsu cikin sharuɗɗan ba da rance.