Super Metroid: da tsohuwar zuma ake magani

Na san wasu za su yi mamakin ganin magidanci ya cika shafin jarida da zancen wasan bidiyo, to amma a yi mini uzuri, domin akwai abin da nake son jawo hankalin iyaye da malamai a kansa.

Wasan da nake nufi shi ne Super Metroid, wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a shekarar 1994 domin na'urar Super Nintendo, bisa jagorancin Yoshio Sakamoto. Shi ne na uku a jerin, bayan Metroid na 1986 da Metroid II na 1991. Labarinsa gajere ne: jaruma Samus Aran ta damƙa jaririn wata halitta mai suna Metroid ga masana a tashar Ceres da ke sararin samaniya, sai wani dodo mai fukafukai, Ridley, ya kai hari ya sace shi, ita kuma ta bi sawunsa zuwa duniyar Zebes. Daga nan wasan ya ja bakinsa ya yi shiru. Babu mai ce maka bi gabas ko bi yamma.

Wannan shirun shi ne ya sa nake ƙaunarsa. Lokacin da na fara buga shi ba na jin Turanci balle Japananci, amma hakan bai hana ni komai ba, domin da ido yake koyarwa. Ƙofa shuɗiya tana buɗewa da harbi ɗaya, ja kuwa sai an sakar mata makamai masu linzami 5, koriya da rawaya kowace da irin makaminta. Za ka wuce ƙofar da ta gagare ka, ka riƙe ta a zuciya, bayan awoyi ka samu mabuɗinta a can ƙarƙashin ƙasa, sai ka ji ta faɗo maka a rai, ka juyo da kanka. Haka ake ratsa Crateria da Brinstar da Norfair mai aman wuta da Maridia da ruwa ya shanye, kowane lungu da ka sani da guminka ka san shi.

Akwai wani rami a Brinstar da ba na mantawa da shi. Na faɗa ciki na rasa mafita, sai ga wasu ƙananan dabbobi 3 suna tsalle daga wannan bango zuwa wancan har su kai sama. Na daɗe ina kallonsu kafin na gane cewa koya mini suke yi. Na gwada na faɗo ya fi a ƙirga, amma ranar da na fita, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a wasan da ake nuna mini hanya. Gani ya kori ji.

Hatta ƙarshen labarin babu kalma ko ɗaya. Babbar abokiyar gaba, Mother Brain, ta kusa hallaka Samus, sai jaririn nan, wanda ya riga ya girma, ya faɗo ya kare ta, ya ba ta ƙarfinsa, ya rasa ransa. Sannan a ba ka minti 3 ka tsere kafin duniyar ta tarwatse, kuma in ka ga dama ka ratse ka ceci dabbobin da suka koya maka tsalle. Ba wanda ya umarce ka, halinka ne kawai zai nuna.

To, ina darasin? Yau da dama daga wasannin da ke cikin wayoyin 'ya'yanmu kibiya ce ke jan yaro kamar raƙumi da akala, in ya maƙale a nuna masa talla ko a ce ya biya kuɗi ya wuce. Yaron da ya saba da haka, yaushe zai zauna da lissafin da ya gagare shi har ya warware? Super Metroid ya ɗauki mai wasa a matsayin mai hankali, ya bar shi ya ɓata, ya lura, ya tuna, ya komo. Ba banza ba Castlevania: Symphony of the Night na 1997 da Hollow Knight na 2017 suka bi irin wannan tafarki, har aka raɗa wa salon suna Metroidvania.

Ban ce wasa ba ya da illa ba. Ni kaina ya sha cinye mini lokacin da ya kamata in ba karatu, kuma duk wasan da zai hana yaro salla ko makaranta ya zama fitina. Amma hani kacokan ba ya aiki, yaro zai je gidan abokinsa ya buga wanda ya fi muni. Shawarata ga iyaye ita ce a ƙayyade lokaci, sannan a zauna a duba abin da yaron ke bugawa: tunani yake sa shi, ko aljihu ake nema? Tun 2019 Nintendo ya saka Super Metroid cikin tsofaffin wasannin da ake samu a na'urar Switch. Wanda ya samu hali ya ba ɗansa, kuma in yaron ya maƙale ya zo da tambaya, don Allah kada a gaya masa hanya.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.